Amsa ga mai neman bakin ruwan da zai kai iyali kusa da Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka cewa yara sun matsa maka lamba sai an kai su bakin teku a wannan hutun, alhali kuɗin jirgin Legas na mutum shida ya fi ƙarfin aljihu, shi ya sa kake neman wuri mai ruwa da iska wanda za a je daga Kano a komo ba tare da wahala ba. Na daɗe ina zagaya irin waɗannan wurare da iyalina, kuma abin da na fahimta shi ne, zaɓen lokaci ya fi zaɓen wuri muhimmanci, domin wurin da ya burge ka a watan Janairu yana iya zama taɓo da sauro a watan Agusta.

Idan ruwa mai faɗi yaran suke son gani, ka fara da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Tana kudu da Kano, tafiyar kimanin kilomita 70, kuma ita ce take shayar da gonakin rani na Kura da Kadawa, inda tumatir da shinkafar da muke ci suke fitowa. Da rani ruwan yakan ja baya, ya bar yashi da faffaɗan duwatsu waɗanda za a shimfiɗa tabarma a kansu. Ranar da na fara kai nawa, hazon hunturu ya rufe ɗaya gaɓar gaba ɗaya, sai autana ya tsaya yana kallo, ya ce, "Baba, ashe teku a kusa da gidanmu yake?" Ban musa masa ba. Da hantsi masunta suke dawowa, kuma a nan take za ka sayi karfasa ko tarwaɗa, a soya muku, a barbaɗa yaji. Sai dai ka tafi da ruwan sha da abin yin inuwa, kada ka dogara da cewa za ka samu komai a can.

A nan zan ja hankalinka a kan abu biyu. Na farko, kada yara su shiga wanka, saboda ruwan madatsa yana da zurfin da ba a gane shi daga sama, kuma ruwan da yake kwance irin wannan yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Na biyu shi ne kwale-kwale. Na taɓa yin gangancin shigar da iyalina bayan la'asar ba tare da rigar kariya ba, muna tsakiyar ruwa iska ta taso, yaron mai tuƙi ya shiga kwalfe ruwa da yankakkiyar jarka, uwargida kuwa babu addu'ar da ba ta karanta ba. Allah ya kiyaye muka fita lafiya, amma tun daga ranar, idan babu riga ga kowa, ko kuma rana ta karkata, ba ma shiga.

Wurin da ya fi kwanta mini a rai, kodayake ya fi nisa har yana buƙatar kwana a Haɗeja, shi ne dausayin Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa. Yanki ne na fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye masu gudun sanyin Turai suke sauka bayan sun ƙetare Sahara, su haɗu da namu na gida irin su ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Idan kuka isa da sassafe, za ku ga garken tsuntsaye ya tashi lokaci guda har sararin ya yi duhu, abin da hoton waya ba ya iya kamawa. Idan kuka bari sai Afrilu, baƙin sun koma, ruwa ya janye, zafi kawai za ku sha. Ka nemi ɗan gari ya yi muku jagora, domin ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, baƙo ba zai san inda ake bi ba.

Idan kuna da rarar yini guda, akwai duwatsun Birnin Kudu masu tsofaffin zane-zanen shanu a jikinsu, ko kuma gandun Sumu da ke Ganjuwa a Jihar Bauchi, inda ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa. Dajin Falgore kuwa, duk da kyawunsa, ba zan ba ka shawarar shiga da yara ba sai ka tambayi mutanen yankin halin da tsaro yake ciki a makon da za ku je.

Duk wanda ka zaɓa, ku tashi bayan sallar asuba, ku kama hanyar komawa kafin magariba, kuma idan kun isa ka fara gaisawa da mai unguwa ko sarkin ruwa kafin ku sauke kaya, domin su ne za su nuna muku gaɓar da ba ta da rami.