Shin Sunan Laraba Daga Larabawa Ya Samo Asali?

TAMBAYA: Ranar Laraba aka haife ni, shi ya sa ake kirana Larai. Shin sunan wannan rana daga Larabawa ya samo asali, tun da namijin da aka haifa a cikinta Balarabe ake ce masa? Kuma me ya sa tsofaffinmu suke tsoron Larabgana? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Malama Larai, sunan daga Larabci ya fito, amma ma'anarsa ba ta shafi Larabawa ba. Asalinsa "al-Arbi'a", daga arba'a, wato huɗu, domin idan aka fara ƙidaya daga Lahadi ita ce rana ta huɗu. Harafin "l" na farkonsa ragowar "al" ce ta Larabci, irin wadda ta manne a littafi da labari da lahira. Kafin zuwan Musulunci kuwa, Dubar Larabawa suke kiran wannan rana. Kamar da sunayen Laraba da Larabawa suka yi a bakin Bahaushe ce ta sa ya ɗauki Balarabe da Balaraba ya laƙaba wa 'ya'yan Laraba, kamar yadda ya samo Lami daga Alhamis.

Batun Larabgana, wato Larabar ƙarshe ta watan Safar, shi ne ya fi damuna, domin har yau akwai gidajen da ake fasa tafiya ko a ɗage wani sha'ani saboda ita, ana kuma shan rubutu don neman tsari daga bala'in da ake cewa yana sauka a ranar. Wannan tsoro ba Bahaushe ya ƙago shi ba. Wasu masu tafsiri sun ce ranar shu'umcin da aya ta 19 ta Suratul Ƙamar ta ambata, wadda aka saukar wa Adawa, mutanen Annabi Hudu, da iska a cikinta, Laraba ce. Sai dai shu'umcin a kan Adawa ya faɗa saboda kafircinsu, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore camfi, har ya ambaci Safar da sunansa.

A nawa ganin, Malama, alherin da aka sani game da ranarki ya fi ƙarfin hujja. Imam Ahmad ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya yi addu'a Litinin da Talata da Laraba a Masallacin Fat'hu, aka amsa masa ranar Laraba tsakanin salloli biyu. Zarnuji ma, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim da ake karantawa a zaurukan birnin Zazzau, ya kawo cewa malaminsa yakan jira Laraba kafin ya fara sabon darasi. Su ma Hausawa kirarin da suke yi mata shi ne "Laraba ta Bawa ranar samu".