An ce wa ɗiyata "Marmite" a Ingila, zagi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗiyata tana aikin jinya a wani asibiti a birnin Lids na Ingila. Ta bugo mini waya ranta a ɓace, wai wata abokiyar aikinta ta ce mata ita "Marmite" ce. Da ta bincika sai ta ga sunan wani abin shafawa a burodi ne. Kafin nan ma matar da ta ba ta haya ta ce ta yi "hoover" ɗin ɗakinta, ba ta gane ba, alhali da Turanci ta yi karatunta tun daga firamare. Raini ne ko mene ne? Daga wata uwa a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, kuma ki gaya mata Turancinta lafiya lau yake. Na daɗe ina koyar da harshen nan a sakandare, kuma waɗannan kalmomi ba sa cikin littattafan da muke karantarwa, domin sunayen kayan kanti ne da suka shige bakin mutane.

Mu ma haka muke yi. Ki aiki yaro Kasuwar Singa ya sayo omo, duk garin sabulun da ya kawo ba za ki ce ya yi kuskure ba. Kowane ɗanɗanon miya magi ne, kowane man goge baki makilin ne, kowace taliyar yara indomi ce, ganyen shayi kuwa lifton. Mai adaidaita sahu yana kiran fasinjan unguwar Bata a Kano, "Bata! Bata!", ba tare da ya tuna sunan kamfanin takalma yake faɗa ba. Da Bature zai koyi Hausa a jami'a ya sauka Kano, irin ruɗewar ɗiyarki zai yi.

Hoover kamfanin Amurka ne na jihar Ohayo, wanda ya fara sayar da na'urar zuƙe ƙura a 1908. Na'urar ta karɓu a gidajen Ingila har sunan ya zama aikatau, wato kalmar da ke nufin yin shara da na'urar. Ko ta wani kamfanin daban kamar Dyson ce a hannun mutum, cewa zai yi yana "hoovering". Shara kawai matar gidan ta ce a yi. Haka "Tannoy", lasifikar sanarwa a tashar jirgin ƙasa, sunan wani kamfanin Birtaniya ne. Wasu ma mun riga mun gada daga wurinsu: biron da jikokinki ke rubutu da shi sunan wani ɗan jaridar ƙasar Hangari ne, László Bíró, da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, salatif kuma daga Sellotape ya fito. Ba'amurke ba ya amfani da ko ɗaya cikin biyun.

To, Marmite. Wani baƙin abu ne mai danƙo da gishiri sosai, da yis ake yin sa, an fara sarrafa shi a garin Baton na Ingila a 1902. Kwatanta shi da daddawa: wani ba ya cin miyar kuka in babu ita, wani kuwa ko warinta ba ya so, kuma da wuya ki samu na tsakiya. Kamfanin da kansa ya gina tallarsa a kan haka, cewa ko dai ka so shi ko ka ƙi shi. Saboda haka in an kira mutum da wannan suna, ana nufin mutane sun rabu biyu a kansa, wasu na matuƙar son sa, wasu ba sa jituwa da shi. Yawanci a kan mai faɗar gaskiya kai tsaye ko mai tsayawa a kan ra'ayinsa ake faɗa.

Ba zan ce miki yabo ne zalla ba. Ba ashar ba ne, amma akwai saƙo a ciki, kuma mutanen can sun fi son naɗe magana a kan su fito da ita fili. In da murmushi aka faɗa a wurin shan shayi, zolaya ce ta sabo. In kuwa bayan wata 'yar taƙaddama ce, ta samu matar su biyu ta tambaye ta cikin ladabi me ta gani. Hakan ya fi ta kwana da abin a rai.

Abin da ya fi damuna shi ne aikinta. A nan duk ciwon kai fanado muke nema, amma a can sunan maganin na asali, farasitamol, shi ake faɗa kuma shi ake rubutawa. Sai dai iyaye za su ce mata sun ba yaro Calpol, wato farasitamol na ruwa na yara. In ba ta san abu ɗaya ne ba, ana iya maimaita wa yaro magani. Don Allah ta riƙe ɗan littafi a aljihun rigar aikinta, duk sunan da ta ji ta rubuta, ta tambayi mai kula da ɗakin maganin asibitin kafin ta tashi aiki. Allah ya tsare mana ita, ya dawo da ita lafiya.