Tambaya da Amsa: Shin madara tana wanke ƙurar katako daga ƙirji?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ba kafinta ba ne, noma nake yi da ɗan kiwo, amma ina da rumfa a bayan gida inda nake taɓa aikin katako idan na samu sarari: kujerun yara, akurkin kaji, gyaran ƙofa da makamantansu. Tun da na sayi injin goge katako bara tari ya ƙi barina. Da dare ƙirjina yakan ɗaure, numfashi yana ƙara, hanci kullum a toshe. Wani tsohon kafinta ya ce in riƙa shan madara bayan aiki, wai tana wanke ƙurar. Ina sha, ban ga canji ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali ƙaramin ɗana ne, don kullum yana wajen yana wasa da garin katakon, ga shi shi ma ya fara tari. Madarar ce ba ta isa ba, ko wani abu ne daban?

AMSA: Malam, kafin komai ka raba yaron nan da rumfar daga yau. Hanyoyin numfashinsa sun fi naka ƙanƙanta, yana jan numfashi da sauri fiye da kai, kuma a ƙasa yake wasa, inda ƙurar take kwanciya. In tarinsa ya kai mako biyu, ko ana jin ƙara a ƙirjinsa, a kai shi asibiti. In kuwa ka ga haƙarƙarinsa yana lotsawa idan ya ja numfashi, kada ka jira gari ya waye.

Kai kuma, abin da ka lissafa ya fi kama da asma wadda aiki ke haddasawa. Ɗaurewar ƙirji da dare, sa'o'i bayan an rufe rumfa, ita ce take ruɗar mutane, sai su ɗora laifin a kan sanyi ko kwanciya. Lokacin da abin ya fara shi ya tona asirinsa. Muddin da zarton hannu da kurfi kake aiki, ɓarɓashi ne mai nauyi yake zuba ƙasa. Injin gogewa kuwa yana niƙa katakon ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Kaurin gashin mutum kusan maikuron 70 ne (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙurar da ke shiga can cikin huhu kuwa ba ta kai maikuron 10 ba, kuma takan daɗe tana yawo a iska bayan an kashe injin. In hasken rana ya ratso ta wani ɗan rami a rufin rumfar, ka tsaya ka dubi abin da ke shawagi a cikinsa. Shi kake shaƙa.

To, mu zo kan madara, wadda na gaji da jin labarinta. Kafinta ya zo da tari, ya ce yana shan madara. Mai fenti, mai walda, mai fasa dutse, duk bakinsu ɗaya. Malam, madara maƙoshi take bi ta sauka ciki. Ƙura kuwa hanyar iska take bi ta shiga huhu. Akwai ɗan marfi a maƙogwaro wanda aikinsa ke nan, duk lokacin da ka haɗiye abu ya rufe hanyar iska don kada ko ɗigo ya faɗa. Ranar da madara ta bi inda ƙura ta bi, ƙwarewa za ka yi, ka yi ta tari har hawaye. Ta yaya abin da bai taɓa shiga wuri ba zai wanke shi? Kamar mai hayaƙi a ɗaki ne ya je yana kwara ruwa a rumbu.

Na san abin da za a ce mini: ai bayan na sha nakan yi kaki, in ga baƙi-baƙi ko launin katakon ya fito. Wannan kakin da madara da babu zai fito. A jikin hanyar iska akwai wasu 'yan ƙananan gasu da ke turo majina sama dare da rana, tare da ƙurar da ta maƙale mata. Madara tana barin danƙo a baki na ɗan lokaci, sai mutum ya yi gyaran murya ya tofar, ya ba ta ladan aikin da ba ita ta yi ba. Ƙura mai laushin da ta wuce can ƙasa kuwa, babu gasun da za su turo ta, babu abin sha da zai kai gare ta.

Maganar ba a rumfar kafintoci aka ƙirƙire ta ba. An daɗe ana raba wa ma'aikatan dalma madara a masana'antu bisa zaton tana kare su daga guba, a Tarayyar Sobiyet ma tsari aka mayar da ita, ana ba masu aiki mai haɗari, kuma har yau tana cikin dokar ƙwadago ta Rasha. Ba abin mamaki ba ne da ta yi farin jini wajen masu masana'anta, tun da kofin madara ya fi injin zuƙe ƙura araha. Tsohon kafintan nan abin da ya gada ya faɗa maka, ba da mugun nufi ba. Waɗanda ba na yi wa uzuri su ne masu tallan haɗin "wankin huhu" a kwalba, da mai kantin magani da zai ji mutum yana ƙarar ƙirji ya miƙa masa maganin tari da ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, ba tare da ya tambayi aikin da yake yi ba. Madara ba guba ba ce, in kana so ka sha abarka. Illarta a nan ita ce kwanciyar hankalin da take sa wa mutum, ya yi shekara yana shaƙa yana ganin ya rufa wa kansa asiri. Asmar ƙurar katako kuwa, da zarar jiki ya fara ƙin ƙurar, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ita, kuma iya daɗewar da aka yi ana shaƙa bayan alamu sun bayyana, iya raguwar damar warkewa sarai.

Kada wani ya ce maka ai itace ne, ba sinadari ba. Itatuwa irin su iroko da obeche da mansoniya da jan sida duk an san su da haddasa asma da ciwon hanci, wasunsu har da ƙaiƙayin fata. A shekarun 1960 likitoci a garin High Wycombe na Ingila, cibiyar yin kujeru, suka lura da wata sankarar hanci da ba kasafai ake gani ba tana yawa a tsakanin masu aikin katako. A 1995 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, domin galibi masu shekaru da yawa cikin ƙura mai yawa take samu, kuma takan ɗauki gomman shekaru kafin ta bayyana. Amma toshewar hanci ta gefe ɗaya da ta ƙi tafiya, musamman da haɓo, aikin likitan hanci ne. Allon MDF, wanda ake yi da niƙaƙƙen katako da aka matse, shi ma yana da nasa ƙarin, don da gam mai sinadarin fomaldihaid ake haɗa shi, ga ƙurarsa ta fi ta katako laushi.

Gyaran daga bakin injin yake farawa. Yawancin injinan gogewa suna da kafar da ake jona bututu, ka jona ta da injin zuƙe ƙura mai matata mai kyau, don 'yar jakar da suke zuwa da ita ba ta tare mai laushin. In babu hali, ka fitar da aikin gogewa waje, ka tsaya ta yadda iska za ta kwashe ƙurar daga fuskarka, nesa da ɗakin kwana da inda ake shanya. Shara a bushe da tsintsiya tayar da ƙurar take yi, hura ta da kwamfuresa, injin matsa iska, ya fi muni. Yayyafa ruwa ka kwashe, ka goge benci da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan aiki su kwana a rumfa, kada ka ɗauki yaro da su.

Takunkumi shi ne na ƙarshe a layi. Hankici, ƙyalle da shuɗin takunkumin asibiti duk iska tana shiga ta gefensu. Nemi mai alamar N95 ko FFP2, FFP3 ya fi, ka matse ƙarfen hancin har sai ka daina jin iska tana fita ta wajen idanu. Irin waɗannan sai sun manne da fata suke aiki, don haka mai gemu ya fi dogara da zuƙe ƙurar, ko ya nemi irin hular nan mai rufe kai da ke turo tatacciyar iska da batir.

Tun da ka ambaci kaji: garin MDF da na katakon da aka yi wa maganin gara, wanda yakan yi kore-kore, kada a shimfiɗa wa dabbobi, kada kuma a sa guntayensa a murhu. Tsohon maganin da ake kira CCA yana ɗauke da gubar asenik, yana fita a hayaƙi ya kuma taru a toka.

Ka dakatar da aikin gogewa na mako biyu, ka riƙa rubuta yadda kake kwana. In ƙirjin ya saki sannan ya sake ɗaurewa da ka koma, ka tafi wa likita da takardar, ka gaya masa irin katakon da kake aiki da shi. Ka nemi a auna ƙarfin numfashinka, a kuma duba kakinka saboda tarin tibi, domin duk tarin da ya wuce mako biyu sai an cire wannan daga lissafi. In numfashi ya yi maka wuya har ba ka iya kai ƙarshen magana, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a lokacin.