Jaka 60, keke da gadar Kennedy: me zan fara saye?

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a shekarar farko a Jami'ar Abdou Moumouni, ina zaune gidan kawuna a Bukoki, nan Yamai. Kuɗin taksi zuwa Harobanda, tsallaken kogi inda jami'ar take, da dawowa kullum sun fi ƙarfina, sai na tara jaka 60 don in sayi keke. Abokaina sun rabu biyu. Wasu sun ce in ɗauki sabo dal mai giya 21 da sifirin gaba da baya, wasu sun ce ɗan gwanjo na Turai ya fi ƙarko. Matar kawuna kuma ta rantse ba zan hau gada ba sai da kaski, wato hular kwano, a kaina, abokaina suna ta dariya wai kaski na masu babur ne, kuma zafin Yamai zai dafa mini kai. A ba ni shawara don Allah.

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Kada ka zuba jaka 60 ɗin nan duka a kan keken. Kafin ka taka kasuwa, ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu ka ba matar kawunka ta ajiye maka. Kuɗin birki ne da fitila da kaski. Na fi shekara 20 ina gyaran kekuna, kuma yawancin waɗanda ake turo mini da lanƙwasasshen wili bayan haɗari ba rashin giya ne ya kai su ƙasa ba. Ko birki ya ƙi kamawa, ko mai mota bai gan su ba.

Sabon keken nan mai sifirin gaba da baya, in dai a kuɗin da ka faɗa ne, kyan ɗan maciji gare shi. Sifirin na gaske tsada ne da shi, shi kaɗai ya fi kuɗin kekenka. Wanda ake saka wa masu araha kuwa ƙarfe ne mai nauyi da yake shanye rabin ƙarfin da kake taka feda da shi, kana taka yana lilo. Wata uku na ƙurar hunturu sun isa yashi ya shige cikinsa, ya fara ƙara yana girgiɗi, kuma ba mai gyara da zai samo maka kayansa. Giya 21 ɗin ma me za ka yi da su? Yamai shimfiɗe take. Hawan da zai sa ka gumi shi ne in ka sauko daga gada kana haurowa cikin gari, kuma giya 6 ko 7 na baya sun wadatar.

Baƙin keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, ba na raina shi. Ya ɗauki buhunan gero, ya kai amare, har yau wasu suna kan hanya. Sai dai birkinsa na sanda ne yana kama wili na baƙin ƙarfe, kuma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ka ja ka ji shiru. Ga mai shiga tsakiyar motoci kullum, zaɓina shi ne ɗan gwanjo mai taya lamba 26, jikin ƙarfe, babu sifirin, wilinsa na alminiyom, birkinsa na waya. Kayan gyaransa suna ko'ina, daga kasuwar Katako har ta Wadata, kuma kowane mai faci a bakin hanya ya san hannunsa.

In ka je saye, kada ka tsaya kallon fenti. Kifa keken, sirdi da ƙaho a ƙasa, ka juya wili ka zuba ido a tazarar da ke tsakaninsa da robar birki. In yana matsowa yana janyewa kamar mai rawa, ya karkace. Kaɗan ana gyarawa, da yawa kuwa bar shi. Miƙar da shi, ka damƙe birkin gaba ka tura gaba ka ja baya: in ka ji ƙwas-ƙwas a wuyan keken, akwai aiki. Sannan ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin wuyan nan, inda ƙarafan suka haɗu, ka shafa da yatsa. Fenti ya tattare ko ƙarfen ya ɗan kumbura? Keken ya taɓa cin karo gaba da gaba, kuma wata rana a nan zai karye. Ka ja kaca daga gaban babban faranti. In ta ɗago har ka ga haƙori guda a fili, ta gama aiki. Tsohon keke da aka yi wa sabon fenti kuma, tambayi kanka abin da ake ɓoyewa. Tsaya a kansa ƙafafunka biyu a ƙasa, ya kasance akwai sarari kamar yatsu uku tsakaninka da sandar sama. Kuma ka sa mai sayarwa ya rubuta maka takardar ciniki, don keken sata ma a kasuwa yake ƙarewa.

Daga kasuwa kai tsaye wurin mai gyara, a sa sabbin robobin birki da sabbin wayoyi gaba da baya, ko da na jikinsa suna kama. Akwai wata ɗabi'a da nake faɗa da ita kullum: samari su zo su ce a cire birkin gaba, wai yana kifar da mutum. In ka ja birki nauyinka gaba yake tafiya, tayar baya ta yi sakayau ta fara jan ƙasa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Wanda ya cire shi ya zubar da abin da zai cece shi ranar da taksi ya tsaya masa ba zato. Abin koyo shi ne yadda ake jansa: a hankali ka fara, ka ƙara matsawa, kana tura mazaunanka baya, hannuwa a miƙe. Nemi fili ka yi ta gwadawa har hannu ya saba. Ka kuma riƙe wannan lissafi: in ka ninka gudunka biyu, tazarar da birki yake bukata kafin ka tsaya ninki huɗu take zama.

Wuri ɗaya ne birkin gaba yake zama abokin gaba, shi ne kan yashi. Ina da tabo a haɓa da yake tuna mini. Ina saurayi, wata mota ta matso ni na gangara gefen kwalta, inda iska take tara yashin nan mai laushi da ka sani a kusan kowane titin garin nan. Na firgita, na damƙe birkin gaba ina karkata ƙaho. Tayar ta nutse ta zame, ban san lokacin da haɓata ta daki bakin kwalta ba, sai ɗumin jini na ji a wuyan riga. In ka faɗa yashi, riƙe ƙaho sak, sassauta hannu, ci gaba da taka feda, in dole ne ka rage gudu to da na baya.

Sai fitila. Za ka riƙa fitowa daga aji ko laburare bayan magariba, ga ɗaukewar wuta, ga hazon Disamba da Janairu. Mai keke marar fitila cikin duhun riga, direba ba ya ganinsa sai ya zo dab. Fara a gaba, ja a baya, kuma ta bayan ta fi muhimmanci domin abin da ke tahowa ta can ba ka ganinsa. Akwai ƙanana da ake caji da wayar cajin salula. Tocilar salula da ake riƙewa a hannu ko a baki ba fitila ba ce, hannun birki take cinye maka. Ka ɗaura ƙyalle mai ɗaukar haske a idon sawu. Ƙafa tana hawa tana sauka, idon direba kuwa abin da ke motsi yake fara kamawa.

Maganar kaski kuma, wato hular kwano, matar kawunka ce da gaskiya. A shekarar 2016 wasu masu bincike a Ostireliya sun haɗa sakamakon nazari 40 da ya shafi mahaya keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka tarar kaski yana rage mummunan raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Aikin ba a ƙyallin roban waje yake ba, a farin soso mai tauri na ciki yake. In kai ya bugu, soson ne yake murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake wannan aikin, ba ya komawa yadda yake. Shi ya sa na ce ka sayi keke ɗan gwanjo amma ban da kaski ɗan gwanjo, don ba ka san kan wa ya riga ya tsare ba. Leƙa ciki ka nemi tambarin EN 1078, ma'aunin Turai, ko CPSC na Amurka. Hular magina ba ta wannan aikin, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ta masu babur kuma nauyi gare ta, tana toshe kunne, ita ce za ta dafa maka kai. Ta keke ramuka ne da ita ko'ina, iska na ratsawa, kuma a ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40, fara mai ramuka ta fi tsirara kai daɗi. Ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, igiya a ɗaure ta yadda yatsa ɗaya ne kawai zai shiga ƙarƙashin haɓa. Wadda aka tura ƙeya kamar hular ango, igiya na reto, kafin kai ya kai ƙasa ta riga ta tashi.

Amma kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A gwajin EN 1078 ana sakin ta ne daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi, ta bugi ƙasa da gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba. Faɗuwa aka yi ta dominta, ba tayar kamiyo ba. A ƙasar Holan galibin masu keke ba sa saka ta, kuma abokanka za su iya kafa hujja da haka, sai dai can an ware wa keke hanyarsa daban da ta mota. Mu nan hanya ɗaya muke rabawa da taksi da faba-faba da amalanken jaki da raƙuma. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce a gaba.

Gadar Kennedy tun 1970 aka buɗe ta, lokacin da motocin Yamai ba su taka kara sun karya ba, kuma layi ɗaya ne zuwa ɗaya dawowa. Da safe wajen ƙarfe bakwai da rabi kowa sauri yake yi. Fita da wuri ka riga cunkoson. A kanta ka riƙe layinka sak, kada ka yi ta saƙa tsakanin motoci, kada kuma ka manne da gefe har feda ta daki dakali. Gadar China da aka buɗe a 2011 ta fi faɗi, amma faɗin ne yake sa direbobi gudu, ga shi za ta tsawaita maka hanya.

Abin da na fi jin tsoro a kanka shi ne babbar mota a mahaɗa. Kada ka taɓa kutsawa ta damanta, tsakaninta da gefen hanya, ko da a tsaye take tana jiran wuta. Direban yana sama, ba ya ganinka, kuma in ya karya kwana dama tayoyin baya suna yanko ciki fiye da na gaba, daidai inda kake tsaye. Tsaya a bayanta ka shaƙi hayaƙin, ya fi. Taksi kuma idonsa a kan fasinja yake, duk inda aka ɗaga hannu nan zai faɗa, don haka in ka ga mutum tsaye a bakin titi gabanka, sa yatsunka kan birki tun kafin taksin ya yi sigina, in ma zai yi. Motar da ke ajiye, ba ta tazarar mita guda saboda ƙofa. Bin hannun da ba naka ba don gajarta hanya, da toshe kunnuwa da abin sauraron waƙa, waɗannan ba sai na ɓata bakina ba.

Tufafi ba wani abu ba ne. Matsattsun kayan da kake gani jikin ƴan tseren Tour du Faso na Burkina, waɗanda ake yi tun 1987, na mai tafiyar kilomita ɗari da wani abu ne a yini, ba na mai zuwa aji ba. Ɗaure ƙafar wandon dama da roba kada kaca ta cafke. Ranar Juma'a in ka sa doguwar riga, tattare ta ka soke a ƙugu, don na sha zare yagaggen yadi daga cikin wilin baya. Takalmi mai rufi ya fi silifa, wanda yake suɓucewa daga feda da zarar ƙafa ta yi gumi. Tabarau saboda ƙura, gorar ruwa saboda rana. Littattafai a kan kariya ka ɗaure su, ba a rataye a ƙaho ba.

Faci kuwa za ka sha shi, tsidau da ƙayar aduwa ba sa jin magana. Taya mai kauri da iska daidai da lambar da aka rubuta a gefenta suna rage shi. Kaca kada ka bari a zuba mata baƙin man da aka juye daga inji. Yana kama yashi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin haƙora. Goge ta da tsumma duk mako, ɗiga mai kaɗan, sake gogewa har ta kusa bushewa.

Kafin ranar da za ka fara zuwa aji da shi, bi hanyar sau ɗaya ranar Lahadi da sassafe, daga Bukoki har ƙofar jami'a da dawowa. Ka lura da inda yashi ya ci kwalta, da ramuka, da mahaɗar da ta fi rikici, domin da damina ta sauka ruwa zai rufe ramukan nan kuma sai wanda ya haddace su. In sauran kuɗi ya rage a hannun matar kawunka, sayi sarƙa mai kauri da kwaɗo, ka riƙa ɗaure jikin keken da ƙarfen da ke kafe a ƙasa, ba wilin gaba kaɗai ba, don kunce wili aikin minti ɗaya ne.