Amsa: Warin gas a maƙera bayan an kashe wuta

Malam, warin da ka ce kana ji bayan ka kashe wuta, yoyo ne. Shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da regileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin gas a bakin tukunyar gas. Inda ya yi ƙwai-ƙwai, nan ne. Kada ka gwada da ashana. Furofen, wato gas ɗin da ke cikin tukunyar, ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya isa. Fitar da tukunyar waje, a tsaye.

In ka gama aiki, fara rufe tukunya, bar gas ɗin tiyo ya ƙone, sannan ka rufe kan wutar. In kana haɗawa da oksijin, mai ko giris kada su taɓa regiletarsa, wuta suke kamawa.