Me zai sa Alhaji ya rabu da Gold Wing ya koma FJR? Ga amsarka

Na ga saƙonka tun bayan la'asar amma hannuna duk baƙin mai ne, sai yanzu na zauna. Ka ce "Oga, wai me zai sa mutum mai hankali kamar Alhaji ya sayar da babur ɗinsa Gold Wing mai rediyo da ribas da kujera kamar ta falo, ya sayi FJR1300, wannan ai ci baya ne, kuma in an kawo ta gobe me za mu duba?" Toh yarona, tambayar ta yi kyau, amma kalmar ci baya ɗin nan ka haɗiye ta, kar ka kuskura ka faɗa a gaban kwastoma.

Ka tuna ranar da na ce ka turo min Gold Wing ɗin daga bakin titi zuwa cikin gareji, ka dawo kana haki kamar wanda ya yi dambe? Amsarka tana nan. Tasa GL1800 ce irin wadda Honda ta fara fitarwa a 2001, silinda shida a kwance, 1832cc, in an cika mata tanki ta haura kilo 400. FJR1300 ta Yamaha ita ma a 2001 ta fito, silinda huɗu a jere, 1298cc, nauyinta wajen kilo 290. Ka ga an sauke ma mutum sama da kilo 100 kenan, buhun shinkafa biyu har da ɗoriya. Kuma ƙaramar ta fi ƙarfi, ƙarfin doki 140 da wani abu take bayarwa, babbar kuwa ba ta kai 120 ba.

Ita Gold Wing ba don Legas aka yi ta ba, gaskiya ɗaya ce. Tun 1975 da aka fara ta kasuwar Amurka aka nufa, shekaru da dama ma a can jihar Ohayo ake haɗa ta, titi miƙaƙƙe mai faɗi ka kama hanya tun safe har magariba ba ka sauke ƙafa ba. Nan kuwa fa? Alhaji yana Agege, harkarsa tana Apapa. Ka lissafa sau nawa zai sauke ƙafa tsakanin Oshodi da Mile 2, ga danfo, bas ɗin hayar Legas, yana yanko maka ba sigina, ga tanka ta tare hanya, ga ɗan keke ya cusa kai, ga rami cike da ruwa ba ka san zurfinsa ba in damina ta kankama a watan Yuni da Yuli. Amfanin babur a garin nan shi ne ka ratsa gosulo ka wuce masu mota, shi ya sa ma masu hali suke sayen manya tunda dokar Legas ta hana ƙananan da ba su kai 200cc ba hawa manyan tituna. To in babur ɗinka faɗinsa ya kusa na ƙaramar mota, kana nan a layi tare da kowa, zafin inji yana dafa ka, ba ka samu daɗin mota ba ba ka samu saurin babur ba, ka yi biyu babu. FJR akwatunan gefenta da makulli ake cire su, minti ɗaya ka ajiye su a gida ta zama siririya.

Amma fa kar ka ɗauka riba ce zalla, akwai abin da zai rasa kuma aikinmu ne mu gaya masa tun kafin ya biya kuɗi, don in ya yi nadama nan zai dawo ya ce makanikensa bai faɗa masa ba.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne sauƙin nauyi a takarda daban, yadda mashin take ji a hannu daban. Gold Wing injinta a kwance yake can ƙasa, tankin manta a ƙarƙashin kujera yake, kujerar kuma gajera ce wajen santimita 74, saboda haka da ta fara motsawa nauyin ya ɓace, kamar jirgin ruwa take tafiya. FJR tankinta lita 25 ne daidai da na waccan, amma a sama yake zaune gaban cikinka, kujerarta kuma ta haura santimita 80. Alhaji ba dogo ba ne. Ranar farko da zai tsaya a wuri mai gangare ko ya taka yashi da kan yatsu, tanki a cike, zai ji ta tana jan shi gefe ta yadda babbar ba ta taɓa yi masa ba. Kuma babu ribas! Shekara da shekaru ya saba ya cusa kan mashin duk inda ya ga dama ya danna maɓalli sitata ta jawo shi baya, yanzu kuwa in ya yi fakin kai a gangare sai ya nemi yaran unguwa su ja shi. Ka koya masa ya riƙa shiga da baya, kan yana kallon hanyar fita. Abin kamar wasa ne amma shi ne ke fara kunyata mutum a gaban jama'a.

Ni kaina na taɓa kayar da Gold Wing ɗin wani a bakin gareji, ƙasa ta jiƙe da mai ƙafata ta zame. Ba ta kai ƙasa ba, ta jingina a kan ƙarafunan kariyarta, na juya mata baya na kama na ɗaga da ƙafafu, ko ƙwarzane babu. Ka gwada haka da FJR da ba a sa mata komai ba, shame-shame za ta kwanta, madubi ya tafi, murfin akwati ya goge, roba ta tsage. Robar nan kuwa ba irin kayan Bajaj ba ne da za ka shiga kasuwar kayan gyara ta Ladipo ka fito da shi a leda, wani lokaci sai an yi oda daga waje a jira makonni, da farashin dala na yanzu. Shi ya sa abu na farko da za mu ɗaura mata shi ne ƙarfen kariya, kafin ma ya hau.

Sai maganar Hajiya, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi. Duk wanda ya zo min da zancen sauya irin wannan mashin, kafin in taɓa sufana nake tambayarsa, wa kake goyawa? Kujerar bayan Gold Wing tana da majingina, da wurin ɗora hannu, da faffaɗan matakin ƙafa, mutum har gyangyaɗi yake yi. A FJR mai zama a baya gwiwa a lanƙwashe, iska tana dukan sa, in direba ya murɗa totur sai ya riƙe da kyau. Na ga mutum biyu da suka sauya suka dawo neman tsohuwarsu cikin 'yan watanni, ba don mashin ɗin ta yi laifi ba, uwargida ce ta ce ita ta daina hawa. Alhaji ya ce min yanzu shi kaɗai yake yawo, ranar Lahadi su bi gadar Third Mainland da abokansa ko su miƙa Ibadan su ci amala su dawo, shi ya sa ban hana shi ba. Da ce min ya yi duk sallah shi da iyali suke kama hanyar Kano a kai, kilomita wajen dubu ta Ilori da Jebba da Mokwa, wallahi cewa zan yi ya riƙe abarsa. Wajen kaya ma haka, waccan tana cin sama da lita 140, wannan akwati biyu ne kowanne wajen lita 30, in yana so a ƙara na baya a ƙara.

Jikinsa ma zai yi magana makon farko. Zama ne na ɗan sunkuyo, wuyan hannu da kafaɗa za su yi tsami, gwiwa ta fi lanƙwashewa. FJR ɗin da zai saya ya ce daga 2006 zuwa sama ce, to waɗannan kujerarsu hawa biyu ce, kan kuma ana matsar da shi wuri uku, sai mu sauke kujera mu jawo kan baya kusa da shi. Kar ka bari ya sa mu sayo abin ɗaga kai tun ranar farko, ya yi sati biyu tukuna, yawanci jiki ne ke sabawa. 'Yan farkon, 2001 zuwa 2005, su ne aka sani da turo zafi a ƙafafu, a rana irin ta Legas ba na ba kowa shawararsu in yana da zaɓi.

Abin da ya fi ba ni tsoro hannunsa na dama ne. Injin Gold Wing lafiyayye ne, ka sa giya ta biyar ka manta, a hankali yake ja kamar ingarman da ya ƙoshi. Wannan kuwa in allurar juyin inji ta haura sama wani abu ne daban, kafin ka ankara ka iso bayan tirela. Birkin gaba kuma yana kamawa nan take don babu wancan uban nauyin da zai ja. Sannan wajen kwana, ya saba matakin ƙafa na gogar ƙasa ya gargaɗe shi ya rage, nan ba mai gargaɗinsa da wuri, za ta kwanta masa yadda yake so har ya fara jin kansa yaro. Kai ba za ka iya faɗa masa wannan ba, ba girmanka ba ne, ni zan faɗa. Kai dai ka tabbata hular kwanonsa mai rufe haɓa ce, don gilashin gaban wannan, duk da ana ɗaga shi da maɓalli, bai kai bangon da ya saba ɓuya a baya ba.

Ka kuma tambaya me ya sa ba wata ba. Akwai ST1300 ta Honda, V4 ce, tankinta lita 29, amma ta haura kilo 300 da kyau, ragin bai taka kara ya karya ba, ga zafi. Akwai Kawasaki 1400GTR, ƙarfi kamar hauka, sai dai fetur mai kyau take so kuma makullinta na rimot ne, in ya ɓata duka ka shiga uku. BMW RT ta fi su daɗin zama, ita ce ma ta fi kusa da abin da ya saba, amma tsofaffin kulocinsu busasshe ne irin na mota, kafin ka kai gare shi sai ka raba mashin gida biyu. Su Ninja 1000SX da GSX-S1000GT sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma sarƙa ce, mutumin da ya shekara goma da farfela, wato sandar ƙarfe mai juya tayar baya maimakon sarƙa, bai taɓa shafa ma sarƙa mai ba, cikin yashi da ruwan Legas wata uku zai kashe ta. FJR farfela ce kamar tasa, shi ya sa na karkata can.

Yanzu aikin gobe. Tokunbo ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, don haka ba na yarda da komai sai na gani da idona. Kar ka bari a tayar da ita kafin mu iso, ina son in ji ta a sanyi, in akwai kwaram-kwaram na sarƙar taimin a lokacin ake ji. Duba mita, in daga Amurka ta zo mil take ƙirgawa, ka ninka da 1.6 ka samu kilomita, bawul ɗinta wajen kowane kilomita 40,000 ake aunawa kuma da wuya ka samu wanda ya yi. Ɗora ta a jak na tsakiya ka danne baya, ka juya kan hagu da dama a hankali ka ji ko yana sarƙewa a tsakiya, in yana yi boris ɗin wuya ya tafi. Leƙa wurin da kan ke tokarewa, in ya karye ko an yi masa walda to ta taɓa cin ƙasa da gudu, da yawansu masu hatsari ne aka sayo a gwanjo aka gyara fuska. Fitilar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an kama birki, dole ta kama in an kunna, daga baya ta mutu, in ba ta kama ba sam to wani ya cire ƙwan. In ta Turai ce ka tambayi jan makulli, shi ne uwa, da shi ake yin rajistar sabo.

Buɗe tanki ka haska tocila, tsatsa ko datti famfon mai suke kashewa, ka dai san abin da gurɓataccen man nan na farkon 2022 ya yi wa injina a garin nan. Za mu juye man farfela, kaɗan ne, kashi ɗaya cikin biyar na lita, mu ga kalarsa. Hannuwan shokozoba na baya da ke ƙasa su ma a kwance a sa giris, nan ne kowa ke mantawa kuma nan ne ruwa ke wanka. Lagireto a wanke shi ta baya, a bar ta a tsaye har fanka ta tashi da kanta.

Taya kuwa inci 17 ne gaba da baya, 120/70 da 180/55, sun fi na Gold Wing sauƙin samu amma sun fi saurin cinyewa, ka gaya ma Alhaji ya sa wannan a lissafi, shi da yake zaton zai rage kashe kuɗi, don a fetur ma bambancin ba wani mai yawa ba ne. Karanta lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, in ta wuce shekara biyar a cire ko da zanenta na nan. Iska 42 a baya, na gaba ka duba sitikar jikinta.

Kai kuma ka yi murna, ka huta da cire robobin Gold Wing rabin yini don canza matatar iska kawai. Ƙarfe bakwai ina son in same ka a gareji, ka zo da tocilar da ka ara ranar Talata, kuma kar in ji ka ce bari ka ɗan zagaya da ita.