Saura shekara ɗaya da rabi ka zama cikakken bakanike, kar ka ajiye sifana saboda kuɗin biki

Wani ƙanenmu ɗan Maraɗi da ke zaune a arewacin Jamus ya rubuto min wasiƙa doguwa, na taƙaita ta. An ƙi karɓar neman mafakarsa, amma Allah ya taimake shi ya samu gurbin Ausbildung, wato koyon sana'a a wurin aiki haɗe da makaranta, na gyaran mota, wanda suke kira Kfz-Mechatroniker, kuma da shi aka ba shi Duldung, takardar da ke dakatar da korar mutum daga ƙasar na wani lokaci. Ya cinye shekara biyu. Abin da ke shigo masa a wata bai kai ya kawo ba, ga haya ga abinci, ga yayansa na kira kullum wai bikin ƙanwarsu ya matso, wai shi ya je Turai ya koma yaron gareji alhali sa'anninsa na gina gidaje. Sai wani "mai hanya" ya ce zai ba shi takardar wani ya yi aikin dare a sito, ya samu ninkin abin da yake samu, shi kuma mai hanyar a riƙa cire masa kasonsa. Yana tambaya ko ya bar makarantar.

Ƙanena, kar ka bari. Na faɗa maka tun daga farko don kar ka yi ta karatu kana jiran in lallaɓa ka.

Kai ka san yadda takardarka take amma bari in tuna maka, domin in mutum na cikin matsi mantuwa yake. Zamanka a ƙasar nan a rataye yake a wuyan wannan koyon sana'ar. Shi ne abin da mutane ke kira uku da biyu, ka gama koyo, in ka samu aiki a fannin da ka koya a ba ka izinin zama na shekara 2, daga nan hanya ta buɗe. Ranar da ka daina zuwa, mai garejin dole ne a kansa ya sanar da Ausländerbehörde, wato ofishin baƙi, cikin sati biyu, ba wai don ya tsane ka ba, doka ce, shi ma tara zai sha in ya ɓoye. Za a ba ka wata 6 ka nemi wani gurbin, kuma sau ɗaya ake ba da wannan damar. To aikin sito ba gurbin koyo ba ne.

Shi kuma mai hanyar nan, wallahi irinsu na gani ba ɗaya ba ba biyu ba. Albashin ba asusunka zai shiga ba, asusun mai takardar zai shiga, sai abin da suka ga dama suka miƙo maka, kuma wata na uku za a fara ce maka an yi jinkiri, wata na huɗu waya ta daina shiga, kai kuma wa za ka kai wa ƙara, da wane suna? Na san yaron da kaya suka faɗo masa a ƙafa a wurin irin wannan aiki ya kasa zuwa asibiti da sunan da ya yi aikin da shi. Aiki da katin wani laifi ne a kotu, kuma hukuncin da ya wuce tarar kwana 50 (a nan da lissafin kwanaki kotu ke yanka tara) kaɗai ya isa ya rushe Duldung ɗin naka, har ya toshe maka shekara biyun da kake hange. Shi mai hanya ba abin da zai same shi, gobe ya samu wani.

Ka duba abin da ke hannunka. Sana'ar shekara uku da rabi ce, ka ci biyu, ka ce kuma ka rubuta kashin farko na jarrabawar Gesellenprüfung, wato ta kammala koyon sana'a, wannan kashin shi kaɗai 35 cikin ɗari ne na sakamakon ƙarshe, ya riga ya shiga aljihunka. Kuma kanikancin da ake koya maka ba na kwance kafireta a gindin bishiya ba ne (ba raini ba, iyayen gidanmu na gida da kunne suke gane ciwon inji, ni ina sara musu). Kai ana koya maka jona kwamfuta ka karanta laifin mota, da wayarin, da birki mai na'ura, da motocin lantarki masu babban batir da ba a taɓa su sai da horo. Motocin da ake kaiwa Maraɗi irinsu ne, ko gida ka koma wata rana da abinka za ka koma.

In Berufsschule, wato makarantar sana'ar, ce ke ba ka wuya, don na san Jamusancin littafi daban yake da na gareji, ka je Agentur für Arbeit, ofishin samar da aiki, ka tambayi Assistierte Ausbildung, darasin ƙari ne kyauta. Ka tambaye su kuma ko ka cancanci tallafin BAB, kuɗin da hukuma ke ba masu koyon sana'a, da yawa cikin yaranmu ba su taɓa nema ba. Ƙaramin aikin ƙarshen sati ma yana yiwuwa, amma da sunanka, da sanin mai gareji, da izinin ofishin baƙi a rubuce kafin ka fara.

Sai maganar Yaya. Girmansa yana nan, ba zan ce ka ɗaga masa murya ba, amma a nan bai yi maka adalci ba. Shi yana lissafin Yuro 100 jaka 65 ce ta sefa da 'yan kai, bai san nawa ɗaki ke ci a nan ba, kuma da an sako ka a jirgi gobe shi ne zai fara cewa ka yi wauta. Kayan ɗaki da gara ba farilla ba ne, aure na ɗauruwa da sadaki da shaidu, sauran duk gasar maƙwabta ce. Bai kamata a yi gasar da takardar zamanka ba.

Ka kira Inna kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Ka gaya mata watan da za ka gama, ka gaya mata abin da za ka iya turowa duk wata ko da Yuro 50 ne, adadi ɗaya wanda ba zai canza ba, ka roƙe ta ta yi wa Yaya magana. Lambar mai hanyar kuma ka goge ta yau, in ya sake nemanka ka ce mai gidanka ya hana.